Jarka Goma a Wutsiyar Tirela

Motar ba tawa ba ce. Ta wani dattijo ce, makanike ɗan ƙasar, maƙwabcin ƙanena a Taman Melati, wanda duk layin suke kira Pak Cik, wato kawu da yarensu. Tsohuwar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, mai shan fetur, a ƙasar da kusan duk irinta dizal suke sha. Fentinta ya koɗe, amma injinta na da murya mai daɗi. Tirelar ma tasa ce: ɗan ɗaki a kan taya biyu, da gado a gaba, da wurin girki, da ƙofa a baya. Da mutum ya gan su tare ya san tirelar ta yi wa motar girma.

Dalilin tafiyar Goggo ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ƙanena, da yake koyarwa a jami'a, ya shekara tara da aure kafin Allah ya ba su haihuwa. Da aka haifi yarinyar, ya ɗauko Goggo daga gida ta zo ta kula da mai jego. Wata uku ta yi a bene hawa na takwas, ba ta san komai na garin ba sai asibiti da kedai, wato kantin da ke ƙasan ginin. Da komawarta ta matso, ƙanena ya ce sai ya kai ta Janda Baik, can cikin duwatsu, mu kwana biyu a bakin rafi ta sha iska. Ni aka ba tuƙi, domin shekara ashirin na yi ina jan mota tsakanin Kano da Haɗeja kafin in zo nan in kama aikin ɗaure kaya a wurin wani ɗan garinmu da ke aika su gida ta jirgin ruwa.

Hanyar Haɗeja shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Ban faɗa wa kowa wannan ba.

Ranar Juma'a da yamma Pak Cik ya nuna mini komai. Turancina kaɗan ne, nasa ma haka, saboda haka da hannu muka fi magana. Ya nuna mini ƙugiyar da ke bayan motar, da sarƙoƙi biyu, da wayar fitilu. Ya nuna mini wani ƙaramin allon ƙarfe a jikin tirelar. A shekarar na fara zuwa ajin karatu, na iya karanta lambar da ke jiki, na kuma gane nauyin da aka yarda ta ɗauka ne. Sannan ya bubbuga gaban tirelar da tafin hannu, ya ce kaya masu nauyi nan. Ya zagaya baya ya bubbuga, ya girgiza kai. Ya sa ni na gwada ɗaga hancinta, wato dogon ƙarfen da ake maƙalawa a ƙugiya. Da hannu biyu da ƙyar na motsa shi. Ya ce haka ake so. Ya kuma ce birkin tirelar yana kamawa amma kada in dogara da shi.

Ranar Asabar da safe shirin ya sauya. An kira ƙanena jami'a, wai ɗalibinsa zai kare aikinsa, dole ya zauna. Ya ce mu yi gaba, zai biyo mu bayan la'asar a motar abokinsa. Ya sunkuya ya sumbaci goshin yarinyar, ya dube ni ya ce, “Yaya, ga su nan.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya tafi.

Na cika bayan motar da tukunyar gas, da buhun gawayi, da janareto, da kula biyu, da kujeru, na ɗaure da igiya. Daga nan na tafi shan mai, na tsaya wurin mamak, mai shagon abinci, na sa aka yi mana tapau, wato aka ƙunshe mana roti, irin gurasarsu, da shayi. Layi ya yi tsawo, na kai kusan awa ɗaya. Na bar wa Goggo da matar ƙanena makullin tirelar su zuba kayansu, masu gadin ginin suna taya su saukowa da shi.

Da na dawo na yi baya da motar har ƙugiya ta zo daidai, na sauko na kama hancin tirelar na shirya nishi. Sai ya taso a hannuna ɗaya, kamar an taya ni.

Na tsaya riƙe da shi. Na sake shi, na sake ɗagawa. Haka dai. Na dubi tayoyin tirelar, na ga sun baje fiye da jiya.

Na tambayi Goggo me aka zuba a ciki. Tana gyara mayafi, ba ta ko dube ni ba, ta ce 'yan tarkacen girki ne da kayan mata. Na dubi ƙofar bayan. An kulle, makullin yana ɗaure a gefen zanen Goggo. A ciki akwai jakunkunan matar ƙanena, kuma a yadda aka rene mu, wa ba ya buɗe kayan matar ƙanensa, ko zama kusa da ita ba ya yi. Shekara tara, maganar da ta shiga tsakanina da ita ba ta wuce gaisuwa da “an gode, Yaya” ba. Pak Cik kuwa ya tafi ƙauyensu tun asuba. Na gaya wa kaina mil nawa ne duka, zan tafi a hankali. Na maƙala hancin, na ɗaura sarƙoƙi, na gwada fitilu.

Goggo ta zauna gaba. Matar ƙanena ta zauna baya, kusa da kujerar jarirai da aka ɗaure yarinyar a ciki. Goggo ta ɗan yi mita a kan kujerar, ta ce ba ta taɓa ganin an ɗaure ɗan mutum kamar buhu ga cinya a banza ba, amma ba ta matsa ba.

A cikin gari ba abin da ya faru, sai dai kowane rami muka taka sai in ji ƙugiyar ta yi ƙwas, kamar tirelar na son ɗaga gindin motar. Muka wuce inda ake biyan kuɗin hanya a Gombak, hanyar ta fara hawa. Na koma layin hagu, na manyan motoci. Giya ta huɗu ta kasa, na dawo ta uku. Can gaba ta ukun ma ta fara kuka, na dawo ta biyu. Totur yana ƙasa, amma tafiyar kamar ta mai keke. Allurar zafi da take kwance a tsakiya ta fara ɗagowa. Na kashe esi, na sauke gilasai.

Goggo ta ce, “Malam direba, wannan motar taka azumi take yi?”

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ta ci gaba da cewa ko jakin maƙwabcinmu na ƙauye, wanda ya mutu da tsufa, ya fi ta zuciya. Ta ɓallo goro ta miƙo mini, na ce hannuna ba sarari. Idona ɗaya na kan allura, ɗaya na kan madubi. Allurar fetur ma tana sauka ina kallo. Daji ya rufe hanyar hagu da dama, kore shar, hanyar kuma sai lanƙwasa take yi tana ƙara hawa. Duk inda na ce nan ne ƙarshe, sai in ga wani hawan a gabansa.

Akwai wani wuri da hanyar ta ɗan kwanta, har ta ɗan gangara kafin ta sake tashi. Na ce bari in nemi gudu a nan in rage wa injin wahala a hawan gaba. Na sa ta uku, na sa ta huɗu. A daidai lokacin wata doguwar bas ta zo ta wuce mu ta dama, iskarta ta bugi tirelar.

Na fara ji a kujerata kafin in gani. Gindin motar ya ja hagu, ya dawo dama. A madubi na ga farin jikin tirelar ya leƙo ta wannan gefe, ya ɓace, ya leƙo ta wancan. Kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta, na janye ta, domin na taɓa ganin abin da birki ya yi wa wata tirelar hatsi a irin wannan hali. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari ban juya shi ba, ina ambaton Allah a ciki. Ta kaɗa sau huɗu, ko biyar. Tayar tirelar ta taɓa tsakuwar gefen hanya, na ji ƙarar. Hawan da ya zo gabanmu shi ya cinye gudun, ta daidaita.

Goron Goggo ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba. Yarinyar ba ta ko farka ba. A madubin tsakiya na ga uwarta ta kifa jikinta gaba ɗaya a kan kujerar jariran. Ta ɗago a hankali, ta yi magana tana kallon bayan kujerata.

“Yaya, ruwa ne. Jarka goma, a bakin ƙofa.”

Goggo ta juya ta dube ta. Muka ratsa hanyar da aka huda cikin dutse, muka fito, na ga wurin hutawar da ke can saman, na shiga na tsaya a inda manyan motoci ke tsayawa. Allurar zafi tana dab da ja. Na bar injin yana aiki ya huce, na sa duwatsu a tayoyi, na zagayo ta tagar Goggo na roƙi makullin. Ta daɗe tana kwance ƙullin zanen.

Suna nan a jere, jarkoki masu ruwan ɗorawa irin na man gyaɗa, biyar da biyar, a can ƙarshen wutsiya, inda ya fi sauƙin ajiyewa ga wanda ya ɗauko daga hawa na takwas. A kansu ga turmin da Goggo ta zo da shi daga gida, ga babbar tukunyar ƙarfe. Cikakkiyar jarka rabin buhun siminti ce. Buhu biyar ke nan a inda Pak Cik ya girgiza kai. Na leƙa gaba: ƙasan gadon ba zai ci fiye da biyu ba. Bayan motar kuwa a cike yake, kuma ko da wuri, nauyin ne ya yi yawa. Abin da ya rage mana gangara ce har inda za mu sauka daga babbar hanya, kuma duk abin da ke bayana a kan birkin tsohuwar motar nan zai hau.

Na san daga ina ruwan nan ya fito, ba famfo nake nufi ba. Ƙauyenmu a ƙasar Gumel yake, rijiyarmu sai an haɗa igiya biyu. Muna yara, ruwan da Goggo ta wanke shinkafa da shi, shi take wanke kwanuka, sannan a ba awaki. Wanda ya zubar da moɗa ɗaya ya san sauran. A benen ƙanena ma bokiti ta sa a ƙarƙashin esi tana tara abin da ke ɗiga, tana goge ɗaki da shi, a garin da ake ruwan sama kusan kowace yamma. Da aka ce mata daji za mu kwana, kwana biyu ta yi tana cika jarkokin da ta sa aka karɓo mata a kedai. Biyu daga ciki dafaffe ne, na yarinyar.

Na ce mata akwai rafi a wurin, akwai famfo, ƙanena ya gani da idonsa. Ta ce shi ya gani, ita ba ta gani ba, kuma ba a shiga daji da jinjiri a dogara da ruwan wasu. Na ce to a zubar da takwas, a bar dafaffun. Ta dube ni kamar na zagi mahaifina. Ta ce ruwa mai kyau, a tuntsurar a kwata, da hannun ɗan da ta rena? Ta ce in ƙara yin a hankali kawai, ai mun taho lafiya.

Ban taɓa yi mata musu ba tun ina yaro, ban san ta inda ake farawa ba. Na tsuguna a gabanta a kan kwaltar, direbobin manyan motoci suna kallonmu.

“Goggo, ki yi haƙuri. Da ruwan nan a baya ba zan gangara da yarinyar nan ba. In kin ce mu zauna nan har ubanta ya zo, mu zauna.”

Matar ƙanena ta riga ta ciro yarinyar, tana tsaye a inuwar tirelar tana jijjiga ta. Goggo ta dube su, ta dubi hanyar da ta sulale ƙasa ta ɓace a cikin itatuwa.

“Ba za a zubar ba,” in ji ta. “Sai dai a bayar. Sauko da su.”

Na sauko da takwas na jera a ƙasa. Na ɗauka abin minti goma ne. Amma Goggo ba ta yarda a ba wanda ba ya bukata ba, kuma a wurin nan kowa na da famfo. Ta fara da mu: azahar ta yi, ta sa muka yi alwala daga jarka, ga famfunan surau, wato ɗan masallacin wurin, muna kallonsu. Wani direban katako da lagiretonsa ya tafasa a hawan da muka baro ya karɓi biyu da murna. Ya ce boleh, boleh, wato ya yarda, ya yi ta sunkuyar wa Goggo da kai. Ta sa matar ƙanena ta tambaye shi ko yana da iyali, da ya ce 'ya'ya huɗu, ta ce a ƙara masa ɗaya. Wata mata mai shara ta karɓi ɗaya don wanke daɓe, bayan dogon bayani. Wani mai sayar da masara ya ƙi, ya ɗauka sayarwa muke yi.

Ina ɗaukar jarka ina kaiwa, ina kallon sama. Hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsun gabas, irin baƙin nan da ba ya ba da lokaci. Gangara da busasshiyar hanya abu ɗaya ne, da jiƙaƙƙiya wani abu ne. Na faɗa wa Goggo. Ta ce ta gani, ita ma tana da ido. Saura uku da rabi, ta ce a ba furannin da aka shuka a tukwane a gaban surau, amma a hankali, tukunya tukunya, kada ya malala. Na bi su ina tsiyayawa, ina jin tsawa daga nesa. Furannin a jiƙe suke tun ruwan jiya. Matar ƙanena ta miƙa wa Goggo yarinyar, ta ɗauki rabin jarkar ta kama ɗaya layin. Muka haɗu a tsakiya. Ba ta dube ni ba, amma ta ce ƙasa-ƙasa, “Yaya, akwai wasu a bayan ginin, manya.” A can muka ƙarasa sauran.

Dafaffun biyu na tura ƙasan gado, na mirgina turmin da tukunyar na kai su gaba na ɗaure. Jarkokin da ba komai Goggo ta ƙirga su ta ce a mayar. Na taka hancin tirelar, na ji ya zauna a kan ƙugiya da nauyinsa. Gindin motar ya ɗan sauka yadda ya kamata.

Ɗigon farko ya faɗo a gilashi muna fita daga wurin. Na sa giya ta biyu na bar ta a nan. Injin ya yi ta kuka yana riƙe mu, na kunna fitilun gargaɗi, motoci suna wuce mu suna feso ruwa. In gudu ya ƙaru sai in taka birki sosai sau ɗaya, in sake shi ya huce. Kafin mu yi nisa ruwan ya sauko gaba ɗaya, waifa ɗaya tana shara, ɗayar tana shafa kawai. Na matso da fuskata kusa da gilashi. A wata doguwar lanƙwasa na ji tirelar tana turo mu daga baya, tana son ta miƙe, motar na son ta juya. Warin birki ya shigo ta taga. Wata tanka ta wuce mu, na riƙe numfashi ina jiran kaɗawar nan. Tirelar ta ɗan karkata, ta dawo, ta bi bayanmu.

Goggo ba ta yi tsokana ba ko sau ɗaya. Carbinta na hannu ɗaya, ɗayan kuma ta miƙa shi baya ta tsakanin kujeru ta riƙe ƙafar yarinyar. Matar ƙanena ce take karanta mini allunan hanya, da murya a sarari yanzu, tana cewa saura kaɗan, ka tsaya a hagu, ga mahaɗar can.

Da muka sauka daga babbar hanyar muka shiga ƙaramar da ke bi ta cikin ƙauyuka, ruwan ya tsagaita. Nan ma akwai hawa da sauka, amma ba mai wuce mu da gudu, na tafi kamar mai rakiyar amarya. Mai wurin kwanan ya nuna mini fili a ƙarƙashin itatuwa. Sau uku ina yin baya kafin tirelar ta shiga daidai. Na ja birkin hannu, na kashe injin. Sai a lokacin na ji ƙarar rafin, ya cika ya yi ja saboda ruwan saman.

Su suka fita, ni na kasa. Yatsuna sun ƙage a kan sitiyari, sai da na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta farka ta fara kukan yunwa, kuka mai ƙarfi, uwarta ta shiga tirelar da ita. Wayata ta yi ƙara, ƙanena ne, yana tambaya ko mun isa, ya hanya. Na ce mun isa, yarinyar tana shan nono. Ya ce in ba shi Goggo. Na leƙa, na hango ta a tsaye a bakin rafin, ta naɗe hannu a baya, tana kallo. Na ce masa ya ƙara kira an jima.